Yadda ake juya gudun ruwa a tankin murjani

Murjani dabba ne, ko da yake mai kallo zai ɗauka dutse ne ko tsiro. Ƙananan halittu ne masu taushin jiki, kowanne da baki ɗaya da 'yan hannuwa kewaye da shi. Masu gina tsaunukan ƙarƙashin teku suna zaune dubbai a kan wani ƙashi mai kama da alli da suka ƙera da kansu, kuma inda suka kafu nan za su ƙare rayuwarsu. Tun da ba su da ikon tashi, ruwa ne ke yi musu kai-komo. Shi ke kawo abinci da iskar oksijin, shi ke kwashe yauƙi da ƙazanta da ƙurar da ke sauka a kansu.

A jikin duk abin da ke nutse akwai siririn rufin ruwa wanda da kyar yake motsi. In ruwan kewaye ya kwanta, rufin sai ya yi kauri, iskar shaƙa ta yi jinkirin shiga, abin da jiki ya fitar kuma ya taru a wurin. Murjani ya fi jin wannan, domin a cikin namansa akwai ƙwayoyin gansakuka da ke sarrafa hasken rana su ba shi kaso mai yawa na abincinsa. Da rana waɗannan ƙwayoyi suna fitar da oksijin mai yawa, da dare kuma su da murjanin duk shaƙarsa suke yi. Motsin ruwa ne ke daidaita hakan. A tsaunukan murjani na Bahar Maliya, irin na Sanganeb da ke kusa da Port Sudan, ko babban jerin nan na Ostareliya mai tsawon kimanin kilomita 2,300, igiyar ruwa tana turawa tana janyewa duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, ga cikar teku da janyewarsa da ke sauya alkiblar ruwa a cikin yini.

Wannan sauyin alkibla shi ne abin da famfo na yau da kullum ya kasa bayarwa a tankin gilashin da ake kiwon murjani a ciki. Famfo ɗaya mai fesa ruwa gefe guda yana haifar da matsala biyu. Murjanin da ke gabansa yana shan duka ba hutu har namansa ya saluɓe daga ƙashi, musamman masu manyan jiki irin su Euphyllia. A bayan duwatsu kuwa ruwa yana kwance, ragowar abinci da kashin kifi su taru su ruɓe, jar gansakuka mai santsi ta shimfiɗa a kai. Ƙara ƙarfin famfon ba ya warkar da matsala ta biyun, sai dai ya tsananta ta farkon.

Manyan gidajen baje kolin halittun ruwa ne suka fara neman mafita. A shekarar 1980 masanin Amurka Walter Adey ya kafa tankin murjani a gidan tarihin Smithsonian da ke Washington, inda ya yi amfani da bokitin da ke cika a hankali, ya rinjaya, ya juye ruwansa gaba ɗaya cikin tanki. Bruce Carlson na gidan kifin Waikiki a Hawaii ya fito da wata dabara ta randa a sama, wadda bututu ke zuƙe ruwanta lokaci guda da zarar ta cika. Dukansu suna ba da turin ruwa mai kama da na teku, amma suna da ƙara da fantsama da kumfa, abin da ba kowa zai jure a falonsa ba.

Masu kiwo a gida sun fara da akwatin lantarki mai kunna famfon dama ya kashe na hagu, bayan ɗan lokaci ya juya. Dabarar tana aiki, sai dai tsofaffin famfuna ba a yi su don yawan kunnawa da kashewa ba; suna ƙwanƙwasa duk sa'ad da suka tashi, kuma suna saurin lalacewa. Akwai kuma na'urar da ba ta cin wuta, wadda ƙarfin ruwan da ke bi ta cikinta ke juya ƙananan giya, ta riƙa buɗe bututun dama da na hagu bi da bi. Yau famfuna masu farfela, waɗanda ƙaramar kwamfuta ke rage musu gudu ko ta ƙara ba tare da an kashe su ba, su suka mamaye kasuwa. Tunze na Jamus da EcoTech Marine na Amurka na cikin sanannun masu ƙera su. Na EcoTech mai suna VorTech injinsa yana wajen gilashi, maganaɗisu ne ke juya farfelar da ke ciki, don haka zafin injin ba ya shiga ruwa. Farfela tana tura ruwa mai faɗi a tausashe, saɓanin siririn feshin tsohon famfo.

Ana auna ƙarfin motsi da yawan sau da famfunan ke juya ruwan tankin a awa ɗaya. Al'adar masu kiwo ita ce sau 10 zuwa 20 ga murjani mai laushi, sau 30 zuwa 50 ga masu rassa irin Acropora, wato tankin lita 400 na waɗannan yana iya neman lita 16,000 a awa. Lissafin jagora ne kawai, murjanin kansa ya fi faɗin gaskiya: in hannuwansa suna rangaji dama da hagu, ruwa ya yi daidai, in sun kwanta gefe ɗaya ko sun shige ciki sun ƙi fitowa, a matsar da famfo.

Ana iya saita famfon ya riƙa bugawa daidai da lokacin da ruwan tankin ke ɗauka ya je ya dawo, wanda a tanki mai tsawon santimita 120 bai wuce daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ba. Nan take ruwan duka zai fara lilo, kamar na daro a kan mai ɗauka in takunta ya dace da kaɗawarsa. Ƙaramin famfo sai ya motsa kilo 400 na ruwa. Abin yana da kyan gani, amma nauyin yana danna mahaɗar gilashin sau dubbai a awa, don haka tsohon tanki ko mai raunin teburi bai dace da shi ba, kuma dole a bar sarari a sama don kada ruwa ya yi ambaliya.

Yawancin na'urorin suna da maɓallin tsayar da famfo na 'yan mintoci lokacin ba da abinci, wasu kuma suna rage gudu da dare. Ana sa wa bakin famfon raga saboda ƙananan kifaye da halittu masu yawo kada farfela ta zuƙe su. Alli da gansakuka mai tauri suna maƙale wa farfelar su rage mata ƙarfi, sai a riƙa jiƙa ta a ruwan binega duk bayan 'yan watanni a goge. Ɗaukewar wuta ta fi komai haɗari. Murjani yana jure kwana biyu ko uku ba fitila, amma in ruwa ya tsaya cak, oksijin yana iya ƙarewa cikin sa'o'i kaɗan, kifaye su fara mutuwa, shi ya sa ake haɗa aƙalla famfo ɗaya da batirin ko-ta-kwana.