Rokar sha'awa: abin da bidiyo ba ya nunawa

Duk mai leƙa YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da irin wannan bidiyo: wasu mutane a dokar daji sun kafa roka wadda ta fi mutum tsawo, an ƙirga daga biyar zuwa ɗaya, sai wuta ta feso ta ƙasanta, kafin ƙiftawar ido ta ɓace a sama, can sai ga ta tana saukowa a hankali da laima. Masu harba ta ba sojoji ba ne, ba kuma ma'aikatan NASA ba ne. Malaman makaranta ne, da kafintoci, da 'yan fansho, waɗanda suka sayi kayan roka a kwali suka haɗa a garejin gidansu. Matashi mai basira da ya ga haka zai ce a ransa: ashe abin ba wuya. Da wuya ƙwarai. Haɗa kayan kwalin shi ne mafi sauƙi a aikin. Abin da ke hana rokar kashe mutum shi ne tsarin da aka kewaye ta da shi, kuma wannan tsarin ba ya shiga bidiyo.

Wasan ya samo asali ne a Amurka, kuma haɗari ne ya haife shi. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a ranar 4 ga Oktoba 1957, zazzaɓin roka ya kama samarin Amurka. Suka riƙa cusa kan ashana da garin albarushi a cikin bututun ƙarfe suna kunnawa a bayan gida. Wasu suka rasa yatsu, wasu idanu, wasu rai. Wani mai sayar da takalma a jihar Nebraska, Orville Carlisle, ya riga ya ƙirƙiro ƙaramin injin roka na kwali wanda za a saya a shirye, ba sai yaro ya dama komai da hannunsa ba. Shi da injiniya G. Harry Stine suka kafa ƙungiyar da ake kira NAR a 1957, sannan Vern Estes ya ƙera na'urar da ke buga irin waɗannan injuna da yawa, ya kafa kamfanin Estes a 1958. Dokar da aka gina wasan a kanta tun daga lokacin ita ce: kai ka haɗa jikin roka, masana'anta ta haɗa wuta. Ƙungiyar Tripoli, wadda ta faro a jihar Pennsylvania a 1964, ita ta fi jan ragamar manyan rokoki daga baya.

Ana auna ƙarfin inji da haruffa, kuma kowane harafi ya ninka wanda ya gabace shi sau biyu. Daga A zuwa G ƙananan rokoki ne, irin na 'yan makaranta. Daga H ake shiga sahun manya. Injin H ya ninka A sau 128, injin M kuwa ya ninka shi sau 4,096. Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ja layi a fili: rokar da nauyinta ya wuce giram 1,500, ko makamashinta ya wuce giram 125, ta fita daga sahun wasan yara, kuma ba a harba ta sai da izinin hukuma, wanda ake nema aƙalla kwana 45 kafin ranar. Makamashin manyan injunan dangi ɗaya ne da wanda ke cikin manyan bututu biyu da suka riƙa ɗaga kumbon Space Shuttle. Kamfanoni irin su AeroTech a Amurka da Cesaroni a Kanada ne ke yin su, kuma dillali ba zai sayar wa mutum ba sai ya kai shekara 18 ya kuma nuna katin shaidar ƙwarewa.

Katin nan hawa uku ne. A hawa na farko, mutum zai haɗa roka da kansa, ya harba ta da injin H ko I a gaban shaidu, ta sauko lafiya yadda za a iya sake harba ta. Idan fiffike ɗaya ya ɓalle, ya faɗi jarrabawa. Hawa na biyu, na injin J zuwa L, sai an yi rubutacciyar jarrabawa kafin a je fili. Hawa na uku, na M zuwa O, sai ƙwararrun ƙungiya sun duba zane da lissafi, sun kuma bibiyi aikin tun ana haɗawa.

Me ke cikin kwalin kayan rokar? Kamfanoni kamar LOC Precision da Madcow suna aiko da dogon bututu na kwali mai kauri ko na zaren gilashi, da hanci mai tsini, da fukafukai uku ko huɗu, da ƙaramin bututun da inji zai zauna a ciki, da zobban da ke tsayar da shi a tsakiya, da igiya, da laima. Babu inji a ciki, kuma sau da yawa takardar bayanin shafi kaɗan ce, domin an ɗauka mai saye ya riga ya san aikin.

Dubi yadda ake kafa fiffike ɗaya. A ƙaramar roka ana manna shi ne a bayan bututu. A babba kuwa ana tsaga jikin bututun, fiffiken ya ratsa ciki har ya taɓo mazaunin inji. Mai haɗawa zai goge gindinsa da takardar yashi har ya yi kaushi, ya share ƙurar, ya auna gam mai ruwa biyu daidai wa daida, ya shafa, ya zura, ya ɗaure shi a ma'auni don kada ya karkace ko da kaurin farce, ya bar shi ya kwana. Washegari ya cike kusurwoyi da gam ciki da waje, sannan ya koma kan na biyu. Dalilin wannan wahala shi ne, wasu rokokin suna zarce gudun sauti, kuma a wannan gudun iska tana kaɗa fiffike har ya tsage. Idan ɗaya ya tafi, rokar za ta juya gefe ta wargaje a sama, tarkacenta ya zubo kan duk wanda ke ƙasa. Shi kansa aikin yana da illa: ƙurar zaren gilashi tana cutar da huhu, gam ɗin kuma yana sa ƙaiƙayi da kumburin fata, shi ya sa ake sa takunkumi da safar hannu.

Sai batun daidaito. Kowace roka tana da gurbi biyu: inda nauyinta ya daidaita, da inda turin iska ke taruwa. Dole gurbin nauyi ya kasance a gaba, wajen hanci, da tazarar da ta kai aƙalla faɗin bututun. In aka samu akasi, rokar za ta bar sandar harbi ta yi ta wulwulawa kusa da ƙasa da wuta a gindinta, ba wanda ya san inda za ta nufa. Wani injiniyan NASA, James Barrowman, ya fitar da lissafin gano gurbin turin iskar a shekarun 1960, kuma yau manhajar OpenRocket, wadda kyauta ce, tana yin lissafin a kwamfuta. Wanda ya sa inji mai nauyi fiye da wanda aka yi wa zanen, bai ƙara nauyi a hanci ba, ya rushe wannan daidaiton bai sani ba.

Masu wasan suna cewa hawa dole ne idan inji ya kama, saukowa ce gwanintar. Babbar roka tana ɗauke da na'urar auna nisan sama. Idan ta kai ƙololuwa, na'urar ta kunna ɗan albarushi kaɗan, jikin ya rabu biyu, ƙaramar laima ta fito. Da ta kusa ƙasa, a kunna na biyu, babbar laima ta buɗe. Batir ɗaya da ya yi sanyi, ko waya ɗaya da ta zame, ya isa ya hana hakan. Rokar da ba ta buɗe ba tana juyo da hanci ƙasa ta faɗo kamar mashi, a gudun da ke iya huda rufin mota. A watan Nuwamba 2015, a Johnson Valley da ke jihar Kaliforniya, wani mutum da ke taimaka wa 'yan sikawut ya rasu bayan da wata rokar haɗin gida ta faɗo masa a fuska a wurin taron harbi. Wannan a ƙasar da ke da dokoki da ƙungiyoyi ke nan.

Shi ya sa filin harbi yake da shugaba, jami'in tsaron fili, wanda ke juya kowace roka a hannunsa, ya girgiza fukafukai, ya tambayi gurbin nauyi, kuma in ya ce a'a magana ta ƙare. Ba a kunna inji da ashana, sai da wayar lantarki daga nesa. Ga injin H, mutane su ja baya mita 30. Ga M, mita 150. Ga O, kusan rabin kilomita. Ba a harbi idan iska ta wuce kilomita 32 a awa, ba a harba roka cikin gajimare, ba a karkata sanda fiye da digiri 20 daga tsaye, ba a yi kusa da filin jirgin sama sai da izini. In an danna maɓalli inji bai kama ba, kowa ya tsaya a inda yake daƙiƙa 60. Ana share busasshiyar ciyawa a kewayen sandar, ana ajiye na'urar kashe gobara. Manyan rokoki na gaske ana kai su hamadar Black Rock ta jihar Nevada, shimfiɗaɗɗen fili wanda babu gida babu gona. A can ne rokar GoFast ta ƙungiyar CSXT ta kai nisan kilomita 116 a ranar 17 ga Mayu 2004, ta zama rokar 'yan sha'awa ta farko da ta shiga sararin samaniya.

To, ina abin ya shafe mu? Bidiyon yana isa wayar ɗan Kano da ɗan Maraɗi a ranar da ya isa wayar ɗan Nevada, amma injin masana'anta da jami'in fili ba sa biyo shi. Abin da ke hannun yaro shi ne bututun famfo, da mai walda a bakin titi, da wani bidiyon da ke koya dama sinadarai. Wannan shi ne ainihin abin da ya yanke yatsun samarin Amurka a 1957. Bututun ƙarfe da aka cusa wa makamashi aka toshe bakinsa bam ne, ko me mai shi ya sa masa suna. Ɗan tsagi a cikin makamashin yana ƙara faɗin wurin da wuta ke ci, matsi ya hau nan take, ƙarfen ya tarwatse. Ƙari a kan haka, Najeriya tana da Dokar Abubuwan Fashewa ta 1964, kuma a halin tsaron da ake ciki, wanda aka kama da bututu da garin sinadari zai sha doguwar tambaya kafin a yarda cewa sha'awar kimiyya ce. A lokacin hunturu kuma, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye kara da rumbu.

Iyaye da malamai, idan kun ga yaro da wannan sha'awa, kada ku kashe masa gwiwa, kada kuma ku zuba masa ido. Ku raba shi da wuta, ku bar masa ilmin. Rokar ruwa, wadda ake yi da gorar lemo da famfon keke, tana koyar da fiffike da daidaito da laima, kuma ko ita a yi ta a filin ƙwallo, da babba a kusa, kowa ya ja baya. Ya sauke OpenRocket ya yi ta zane yana gwadawa a kwamfuta. Ya dage da lissafi da kimiyyar fiziks. Najeriya tana da hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana kuma da cibiyar nazarin injin roka a Epe ta jihar Legas. Hanyar zuwa can ta aji da jami'a take bi. In kuwa kun tarar da bututun da aka riga aka cusa wa wani gari, kada ku kunna don gwaji, kada ku yi ƙoƙarin kwance shi. Ku janye yara daga wurin, ku sanar da 'yan sanda, suna da sashen da aikinsa ke nan.