Wa Ke Karɓar Kuɗin Tallafin Noma a Karkarar Amurka?

Idan hira ta kai ga tsadar taki a majalisa, da wuya a tashi wani bai ce a Amurka gwamnati na biyan manomi albashi ya kwanta a gida ba. Maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙari sosai.

Tushen yana cikin dokar 1933, zamanin Shugaba Roosevelt, lokacin da farashin amfanin gona ya faɗi warwas, gwamnati ta riƙa biyan manoma su rage filin da suke shukawa. Abin da ya yi kama da haka a yau shi ne wani shiri na 1985, inda ake biyan manomi ya daina noma gonar da zaizayar ƙasa ke ci, ya shuka ciyawa ko itatuwa na shekara 10 zuwa 15. Wannan haya ce mai sharuɗɗa. Kuɗin da a da ake bayarwa duk shekara, ko farashi ya tashi ko ya faɗi, an soke shi a dokar noma ta 2014. Yanzu sai farashi ya sauka ƙasa da wanda doka ta yanke, ko abin da gonakin gundumar suka kawo ya gaza, sannan a biya. Gwamnati kuma na ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗin inshorar amfanin gona.

Cewa kowane manomi na samu, wannan ba gaskiya ba ne. Kuɗin na bin wasu amfanin gona ne: masara, waken soya, alkama, auduga, shinkafa, gyaɗa. Mai lambun tumatir ba ya cikin wannan layi. Sannan da eka ake lissafi, don haka ruwa na ƙara wa teku ne. An ga haka ƙarara bayan da Sin ta ɗora harajin kashi 25 cikin 100 kan waken soyan Amurka a 2018. Gwamnatin Trump ta ware dala biliyan 12 don rage wa manoma asara, ta ƙara 16 a 2019. A shekara ta biyun, kowace gunduma da nata farashin, daga dala 15 zuwa 150 a kan eka ɗaya, kuma gundumomin auduga na kudu ne suka fi kwasa. Sai ka ga manoma biyu, iyakar gunduma kaɗai ta raba gonakinsu, amma rabonsu ya sha bamban.

Su ma ɗimbin biliyoyin dokar noma da ake ambata, kimanin kashi uku cikin huɗu na tafiya ne ga tallafin abinci na masu ƙaramin ƙarfi.

Wadda ta fi kama da ƙarya kuwa, ita ce gaskiya: akwai mazauna manyan birane da ke karɓar kuɗin noma. Doka ta ce sai mai hannu a aikin gona, amma "gudanarwa" ma ana lissafa ta aiki, ko da ta waya ake yi. Akwai iyakar abin da mutum ɗaya zai karɓa, wadda ta kasance dala 125,000 a shekara ƙarƙashin dokar 2018, sai dai dokar ta shigar da 'ya'yan 'yan'uwa da 'ya'yan kawu da na gwaggo cikin iyalin gona, kowa da nasa kason. A ganina nan ne abin ƙorafin yake. Ba a ɓoye yake ba ma: wata ƙungiya mai suna EWG na wallafa sunayen masu karɓa a intanet, gunduma-gunduma.

Zancen cewa tallafin na taɓa aljihun manoman Afirka shi ma ba shaci-faɗi ba ne. A 2003 Chadi da Benin da Burkina Faso da Mali sun kai kukan tallafin audugar Amurka gaban Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, suna cewa yana karya farashi. Brazil ta shigar da tata ƙarar kan batun, kuma a 2005 ƙungiyar ta tabbatar mata da nasara.