Ribar 'Yanci a Ma'auni: Abin da Alƙaluman Kano Ke Nunawa

Gardamar ta daɗe a Kano. A rumfunan kasuwar Sabon Gari da majalisun Fagge, da wuya a yi hirar tsadar rayuwa ba a gangaro kanta ba. Wasu na cewa zaɓe da jam'iyyu da faɗin albarkacin baki kayan aro ne, ba su ƙara wa talaka ko mudun gero ba. Wasu kuma na cewa sai wanda bai ga zamanin 'yan doka da shanya magidanci a rana saboda haraji ba ne zai raina 'yanci. Aƙidun da ake wa wannan ja-in-ja sanannu ne: kowane baligi ƙuri'a ɗaya, doka ta hau kan mai mulki yadda take hawa kan talaka, mutum ya faɗi ra'ayinsa, ya shiga jam'iyyar da ya so, ya nemi abinci inda ya ga dama. Unguwannin da ke kewaye da tashar jirgin ƙasa ta Kano na cikin wuraren da aka fara gwada su a Arewa, don haka daga nan ya dace a ɗauko lissafi.

Tan 19,000 da mutum 8

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar waje a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ta haura tan 19,000. Turawa auduga suka sa wa rai, manoman Kano kuwa suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi kawo kuɗi, kuma ko kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. A 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu. Fagge, tsohon zangon fatake, ta cika da dillalai da leburori da 'yan ci-rani.

Jirgin da ya gangara da gyaɗa ya riƙa dawowa da jaridu da labarin ƙungiyoyin ƙwadago da na neman mulkin kai. Ranar 8 ga Agusta 1950, mutum 8 suka zauna a Sabon Gari suka kafa jam'iyyar NEPU, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta. A 1953 Malam Aminu Kano ya zama shugabanta. Jerin waɗannan shekaru yana da ma'ana: sai da kuɗi ya fara shiga hannun manomi da tela da mahauci, sai da baƙo da ɗan gari suka haɗa kasuwa, sannan tambayar wa ke karɓar haraji kuma ina yake kai shi ta fito fili.

Rai 36, rauni 241

Masu sukar siyasar jam'iyyu suna da hujjar da ba a share ta. Ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi, aka yi musu ihu a Legas da tashoshin jirgi a hanyarsu ta dawowa. Da tawagar Action Group ƙarƙashin Samuel Akintola ta shirya lacca a Kano, sai rikici ya ɓarke ranar 16 ga Mayu tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka kwana huɗu ana yi. Lissafin hukuma ya ce mutum 36 suka rasu, 241 suka jikkata.

Wannan asara ce ta gaske, kuma gasar jam'iyyu ce ta hura wutar. Sai dai a ajiye ta kusa da ta Oktoba 1966, lokacin da aka kashe mutanen da suka ninka haka a Sabon Gari da filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa. A ranar babu jam'iyya ko ɗaya a Nijeriya, soja sun soke su. Rufe bakin jama'a bai hana zubar da jini ba. Abin da ya ɓace a lokutan biyu ɗaya ne: hukumar da ke kare ran kowa ba tare da tambayar garinsu ba.

Ƙuri'a 509,000, kujera 8

A zaɓen tarayya na 1959 majalisa na da kujera 312, Arewa na da 174. Jam'iyyar NPC ta samu ƙuri'a kimanin miliyan 1.9 ta kwashe kujera 134. NEPU ta samu kimanin 509,000 ta tashi da 8. Idan aka raba, kowace kujerar NPC ta ci ƙuri'a kusan 14,000, kowace ta NEPU kuwa kusan 64,000. Dalili na farko shi ne tsarin da wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa ke ɗauke komai, ko da da ƙuri'a ɗaya ya fi. Na biyu, filin ba daidai yake ba: izinin lacca a hannun En'e yake, 'yan doka nata ne, kotun alƙali da kurkuku ma nata. Na uku, babu mace ko ɗaya a Arewa da ta jefa ƙuri'a a wannan zaɓe, alhali matan Kudu sun jefa. Hajiya Gambo Sawaba, wadda tarihi ke lissafa mata ɗauri 16, wannan haƙƙi na cikin abin da ta sha wuya a kansa.

Saboda haka duk wanda zai yanke wa aƙidun 'yanci hukunci da Jamhuriya ta Farko, ya sani rabin baligan Arewa ba su cikin lissafin.

Kashi 76 da kashi 19.94

A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976, da gyaran ƙananan hukumomi, matan Arewa suka samu ƙuri'a. Soja ne suka sa hannu a kan waɗannan sauye-sauye, amma buƙatun ba a bariki aka haife su ba. 'Yan Sawaba, wato 'yan NEPU, sun shafe shekaru suna shiga kurkuku a kansu kafin su zama doka.

Zaɓen 1979 ya nuna abin da ke faruwa idan aka buɗe ƙofa. Malam Aminu Kano na PRP ya samu sama da kashi 76 cikin 100 na ƙuri'un shugaban ƙasa a tsohuwar Jihar Kano. Alhaji Shehu Shagari ya samu kashi 19.94, kuma wannan adadi ne ya kai ƙasa gaban Kotun Ƙoli, a shari'ar nan ta kashi biyu bisa uku na jihohi 19. Da Muhammadu Abubakar Rimi na PRP ya hau kujerar gwamna a Oktoba 1979, ya soke haraji da jangali. A 1980 gwamnatinsa ta kafa hukumar yaƙi da jahilci, wadda ta samu lambar yabo ta UNESCO a 1983, ta kuma ba ma'aikata hutun 1 ga Mayu shekara guda kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. A nan ƙuri'a ta shiga aljihun manomi da makiyayi kai tsaye, domin jam'iyyar ta zo da alkawari takamaimai, masu zaɓe kuma sun san abin da suka saya.

1993, 2003, 2023

Babban amfanin zaɓe shi ne a iya sauke mai mulki ba tare da bindiga ba. Ranar 12 ga Yuni 1993 Kanawa suka ba Moshood Abiola rinjaye a kan ɗan garinsu Bashir Tofa, kafin Janar Ibrahim Babangida ya soke zaɓen. A 2003 Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da gwamna mai ci, Rabi'u Musa Kwankwaso. A 2023 Abba Kabir Yusuf na NNPP ya samu ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Gawuna na APC mai mulki ya samu 890,705. Kotun zaɓe ta zabtare wa na farko ƙuri'a 165,663, amma Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerar ranar 12 ga Janairu 2024. Mutum na iya jin haushin kowane ɗayan waɗannan sakamako, amma cikin shekara kusan 29 da soja suka yi suna mulki tsakanin 1966 da 1999, ba a taɓa tambayar Bakano wa yake so ya zama gwamnansa na soja ba.

Daga kashi 69 zuwa kashi 27

Ga adadin da ya kamata ya hana masu son 'yanci barci. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kashi 69 cikin 100 na masu rajista aka ce sun fito. A 2011 suka koma kusan 54, a 2015 kusan 44, a 2019 kusan 35, a 2023 kusan 27. A Kano, masu rajista a 2023 sun kai miliyan 5.9, amma ƙuri'un manyan 'yan takara huɗu a haɗe ba su kai miliyan 1.7 ba, ƙasa da 1,903,999 da Muhammadu Buhari shi kaɗai ya samu a jihar a 2015.

Adadin na buƙatar taka-tsantsan. Na'urorin tantance masu zaɓe sun rage aringizon da ke kumbura alƙaluman baya, rajista na ɗauke da sunayen mamata da waɗanda suka ƙaura, ga ƙarancin takardun naira a Fabrairun 2023. Duk da haka, gangarowa zaɓe bayan zaɓe ba kuskuren lissafi ba ne. Jama'a na janye jiki daga haƙƙin da kakanninsu suka sha bulala a kansa.

Kashi 55 da mutum miliyan 10

Dalilin janyewar a bayyane yake. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya sa talauci a kashi 40 cikin 100 a ƙasa baki ɗaya, a Kano kuwa kashi 55. Na 2022, wanda ya haɗa da ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, ya ƙirga 'yan Nijeriya miliyan 133 cikin talauci, sama da miliyan 10 daga cikinsu a Kano. Mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya sauka daga 201 cikin 1,000 a 2003 zuwa 132 a 2018, amma na Kano ya tsaya a 164.

A nan ne gardamar ke cakuɗa abu biyu. 'Yancin siyasa daban, sakin kasuwa daban. Shirin SAP na 1986, da ya karya darajar naira ya rushe hukumomin sayen amfanin gona, gwamnatin soja ce ta kawo shi, kuma bayansa masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi ta rufewa. Jirgin ƙasa ma tun kafin nan ya fara durƙushewa: fasinjojinsa sun faɗo daga miliyan 11.3 a 1964 zuwa miliyan 4.3 a 1974. Amma cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, da hauhawar farashin da ta kai kashi 34.8 a Disamba 2024, a ƙarƙashin zaɓaɓɓiyar gwamnati suka faru. Wanda ya dangwala ƙuri'a ya ga kuɗin mota ya ninka yana da dalilin tambaya, kuma 'yancin nan da ake suka shi ne ya ba shi bakin yin tambayar a rediyo.

44 cikin 44, sifili cikin 40

Alƙaluma biyu sun nuna inda aikin ya tsaya. A zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 2018 da 2021, APC mai mulki ta cinye kujera 44 cikin 44. A 2024 NNPP mai mulki ta yi daidai haka. Matakin gwamnati mafi kusa da rijiyar burtsatse da ɗakin shan magani da firamare, shi ne wanda ƙuri'a ba ta da ƙarfi a cikinsa. Sannan a zaɓen 2023, shekara 47 bayan matan Arewa sun samu ƙuri'a, babu mace ko ɗaya cikin 'yan majalisar dokokin jihar su 40.

Idan aka haɗa lissafin, aƙidun 'yanci sun biya a duk inda aka bar su suka yi aiki: sun raba talaka da haraji da jangali, sun fitar da shari'a daga hannun mai karɓar haraji, sun ninka masu zaɓe, sun sauke gwamna mai ci. Inda suka gaza, yawanci an tsayar da su ne a bakin ƙofa. Maganin ƙuri'ar da ba ta kawo ruwa da makaranta ba shi ne a tilasta wa ɗan takara ya faɗi alkawarinsa da adadi da wa'adi, kamar yadda PRP ta yi da haraji, a buɗe kasafin kowace ƙaramar hukuma ga jama'arta, a kuma kuɓutar da zaɓenta daga hannun gwamna. Ranar da jam'iyyar adawa ta ci ko da kujera 10 cikin 44, ranar ce za a iya auna ribar 'yanci a unguwa da awo na gaskiya.