Kogin Gash: Dalilin da ya sa ambaliyar hamada ke zuwa da laka

Kogin Gash, wanda ya ratsa tsakiyar birnin Kasala a gabashin Sudan, yakan shafe kimanin watanni tara a shekara a bushe. Amma daga watan Yuli zuwa Satumba sai ya tumbatsa, ɗauke da laka da yashi masu ɗimbin yawa.

Kogin dai ya samo asali ne daga tsaunukan Iritiriya, inda ake kiransa Mareb. Bayan ya wuce Kasala sai ya bazu a wata makekiyar fadama da ke arewa da birnin, inda ƙasa ke shanye shi. Ba kasafai ruwansa ke isa kogin Atbara ba.

Daga ina lakar ke fitowa?

A yankunan da ke fama da fari, ruwan sama kan sauko ne kamar da bakin ƙwarya cikin ɗan lokaci. Da yake babu isassun ciyayi da saiwoyin da za su riƙe ƙasa, kuma samanta ya yi ɓawo mai tauri, ruwan ba ya samun damar nutsewa. Sai ya gangara da gudu, yana kwasar duk abin da ya tarar.

Dalili na biyu yana cikin kwarin kogin ne. Kogin da ke gudu duk shekara yakan wanke yashi sannu a hankali, ya bar manyan duwatsu a sama, waɗanda ke kare abin da ke ƙarƙashinsu. Ƙoramar hamada kuwa ba ta da wannan kariya, domin ambaliyarta ba ta daɗewa. Yashi da tsakuwa suna nan a sake, ruwan farko ne zai yi awon gaba da su.

A shekarar 1993, masana biyu, Jonathan Laronne da Ian Reid, sun wallafa sakamakon awon da suka yi a wata ƙorama ta hamadar Nakab da ke kudancin Isra'ila. Sun gano cewa ƙarfinta wajen jan tsakuwa kan ninka na takwarorinta na ƙasashe masu yawan ruwan sama har sau 400.

Barazana ga birni

Da zarar ruwan Gash ya baro tsaunuka ya shiga fili, sai gudunsa ya ragu, ya fara sauke kayan da ya ɗauko. Ta haka ne kwarin kogin ke cikewa shekara bayan shekara, wurin da ruwa zai bi yana ƙara ƙuntata, ganuwar da aka gina a gaɓarsa tana rasa tasiri.

A damunar 2003 kogin ya ɓalle, ya rushe dubban gidaje a Kasala, birnin da ke da al'ummar Hausawa masu yawa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 kuma ya koro ɗimbin 'yan gudun hijira zuwa birnin, abin da ya ƙara yawan waɗanda ke cikin haɗari.

Albarka ga manoma

Sai dai kuma wannan lakar ce arzikin fadamar Gash. A shekarun 1920 Turawan Ingila suka haƙa magudanan ruwa domin noman auduga, daga baya dawa ta zama babban abin nomawa. Akan malala ruwan ambaliya a gona, a bar shi ya nutse, sannan a yi shuka a kan danshin, lakar kuma ta zama taki.

Amma ita ce dai ke toshe magudanan, dole sai an riƙa yashe su a kai a kai. A 2004 Asusun Bunƙasa Aikin Gona na Majalisar Ɗinkin Duniya, IFAD, ya fara tallafa wa wani shirin farfaɗo da su.

Yasa dai na rage matsalar ne kawai. Akasarin lakar na fitowa ne daga tsallaken iyaka, saboda haka rage ta tun daga tushe na buƙatar haɗin kai tsakanin Sudan da maƙwabtanta.