Zafi da Sanyi a Akwatin Macijin Kiwo

Maciji yana cikin halittun da jikinsu ba ya samar wa kansa ɗumi, saboda haka narkewar abincinsa, da kuzarinsa, da ƙarfin jikinsa wajen yaƙi da cuta duk sun rataya ne a kan zafin wurin da yake kwance. A daji wannan ba matsala ba ce, domin idan sanyi ya dame shi sai ya fito hantsi, idan kuma rana ta take ya koma rami. Da zarar an sa shi a akwati an raba shi da wannan zaɓi, kuma aikin mai kiwo shi ne ya mayar masa da shi.

Daga cikin macizan da aka fi kiwatawa a Amurka da Turai akwai ƙaramar mesa mai dunƙulewa, wadda masana ke kira Python regius, kuma ta samu sunan mai dunƙulewa ne daga yadda take cusa kanta a tsakiyar jikinta ta zama kamar ƙwallo idan ta tsorata. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, kuma daga Ghana, Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa kasuwannin waje. Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita 1.5 ba, tana kuma iya kai shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kulawa. Mutane kan zaci cewa tunda 'yar ƙasa mai zafi ce, iyakar buƙatarta a ƙara mata zafi, alhali a muhallinta takan wuni ne a ramukan ɓeraye da cikin suri, inda ƙasa ke kare ta daga rana, sai dare ta fito farauta.

Abin da ake so shi ne akwati mai gefe biyu. A gefen ɗumi zafin ya kasance tsakanin digiri 31 da 33 a ma'aunin Salshiyos, a gefen sanyi kuma tsakanin 24 da 27, sa'annan kowane gefe ya samu maɓoya, wato ɗan ƙaramin wuri mai duhu da mesar za ta shige har jikinta ya taɓa bangonsa. Muhimmancin maɓoya ta biyu yana da dalili: idan guda ɗaya aka ajiye, mesar takan fifita ɓuya a kan lafiyar jikinta, ta lafe a ciki ko da zafin wurin yana cutar da ita. Ya kamata a lura kuma cewa bayanan da ke fitowa daga Amurka da ma'aunin Faranhait ake rubuta su, inda digiri 90 yake daidai da kimanin 32 na Salshiyos.

Kayan ɗumama iri-iri ne: akwai shimfiɗar lantarki da ake sawa ƙarƙashin akwati, wadda bai kamata ta wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa ba, akwai kwan fitila mai ba da haske da zafi, wanda dole a kashe shi da dare, akwai kuma kwan tangaran, mai ba da zafi ba tare da haske ba. Duk wanda aka zaɓa, ba a jona shi kai tsaye da soket, sai ta hanyar na'urar daidaita zafi, wato tamostat, wadda ke da waya mai kai mai jin zafi, tana yanke wuta ko rage ta idan an kai iyakar da aka saita. A rashin wannan na'ura ne akasarin ɓarna ke aukuwa. Maciji ba ya saurin janye jiki daga abin da ke ƙona cikinsa a hankali, har sai fatar ta yi ja, ta yi bororo, ta ruɓe, shi ya sa masu kiwo suka daɗe da ƙyamar dutsen lantarki da ake sayarwa don wannan aiki, kuma shi ya sa ake yi wa kowane kwai kejin waya don kada macijin ya naɗe shi. Kan wayar tamostat ma yana buƙatar a kafe shi da kyau a inda zafin ya fi yawa, domin idan mesar ta ture shi gefe, na'urar za ta ɗauka wurin ya yi sanyi ta ci gaba da sakin wuta. Ba a manna shi da salatif a cikin akwati, saboda salatif kan kama fatar maciji ya yage ta. Tafin hannu kuwa ba ma'auni ba ne. Ana buƙatar ma'aunin zafi guda a kowane gefe, a daidai ƙasan da macijin ke kwanciya.

Ga mai kiwo a Kano, Sakkwato ko Maraɗi, lissafin ya sha bamban da na mutumin Ingila. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka, kuma zafin da ya wuce kima yakan kashe maciji cikin sa'o'i kaɗan, sanyi kuwa kwanaki yake ɗauka kafin ya yi illa. Akwatin gilashi da aka ajiye a bakin taga yana tara zafin rana kamar mota a rufe. A irin wannan lokaci kashe kayan ɗumama, da sauke akwatin ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, da ajiye faffaɗan kwanon ruwa su ne mafita. Da hunturu kuma dare kan yi sanyin da mesar da ta ci ɓera ba za ta iya narkar da shi ba, sai ta amayar, ko ta kamu da ciwon numfashi, wanda alamominsa su ne kumfa a baki, da ƙarar numfashi, da zama da baki a buɗe, kuma wannan aikin likitan dabbobi ne. Busasshiyar iskar hunturu tana hana saɓa fita gaba ɗaya, don haka ana riƙe laimar akwati a kashi 50 zuwa 60 cikin 100, a ƙara kaɗan idan idanun mesar suka yi fari-fari, alamar saɓa ta kusa.

Ɗaukewar wuta ita ma abin shiri ce. Kaskon garwashi ba ya shiga ɗakin, domin iskar gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum da dabba. Abin da ya fi aminci shi ne a cika gora da ruwan ɗumi, a naɗe ta da tawul, a jingina ta da gefe ɗaya na akwatin daga waje, a lulluɓe da bargo tare da barin kafar iska, a kuma dakatar da ciyarwa har wuta ta daidaita. Kayan da aka yo odarsu daga Amurka na wuta mai ƙarfin bolt 120 ne, ta Nijeriya kuwa 230 ce, saboda haka a duba rubutun da ke jikin na'ura kafin a soka ta a soket.