Furen da ba ya wahalar da mai shi da ban ruwa

Yau za mu leƙa jihar Texas ta Amurka da arewacin Meziko, mu ga wani ɗan tsiro da masana ke kira Salvia greggii.

Ɗan guntun itace ne, da wuya tsayinsa ya wuce mita ɗaya. Ganyensa ƙanana ne, kore shar duk shekara, sai fa in sanyi ya yi tsanani. In ka murza ganyen za ka ji ƙamshi, don danginsu ɗaya da na'a-na'a da ɗaɗɗoyar da muke sawa a miya. Furensa galibi ja ne, amma akwai fari da ruwan hoda. Yana fara fure bayan sanyi ya wuce, ya yi ta yi har wani sanyin ya kawo jiki. Sunan kuwa, masanin tsirrai Asa Gray ne ya raɗa masa a 1870, don tunawa da Josiah Gregg, wani ɗan kasuwa matafiyi mai tattara tsirrai.

To me ya sa masu lambu a can suke rububinsa? Ruwa ne, 'yan uwa. Gida a Amurka an saba a shimfiɗa masa ciyawa a gaba, ita kuma ciyawar nan shan ruwa gare ta kamar me. A 2011 Texas ta sha wani mummunan fari, garuruwa da dama suka taƙaita ban ruwan lambu. A birnin San Antonio, hukumar ruwa har tallafi take ba mutum ya cire ciyawa ya dasa tsirrai masu jure fari. Wannan tsiro yana cikin irin waɗanda ake dasawa, domin asalinsa ɗan gangaren duwatsu ne a busasshiyar ƙasa. Da zarar saiwarsa ta kama, ruwa kaɗan ya ishe shi.

Kula da shi ba wuya. Yana son rana, yana son ƙasar da ruwa ke wucewa, mai tsakuwa ko yashi. Abin da ya fi kashe shi ma yawan ruwa ne: in ruwa ya kwanta a gindinsa, saiwar sai ta ruɓe. A ƙarshen sanyi akan rage masa kamar kashi ɗaya cikin uku na rassansa don ya tofo sabo ya cika. In kana son ƙari, ka yanki ɗanyen reshe ka dasa. Akan jera shi a bakin hanyar shiga gida ko a tukunya. Ƙudan zuma da ƙananan tsuntsaye masu tsotsar fure ba sa rabuwa da shi, barewa kuwa ƙamshin ganyen yakan sa ta kauce masa.

Ban kawo labarin nan don ku je neman irinsa ba fa. Mutanen Texas ba daga wata ƙasa suka yo odarsa ba, a dajinsu yake, sai da ruwa ya yi tsada suka ƙara sanin darajarsa. Mu ma a biranenmu za ka ga gida ana feshin ciyawa da ruwan burtsatse safe da yamma, maƙwabta kuma suna jiran mai kurar ruwa. Kafin ka sayi fure don ka gan shi a Instagram, tambayi mai sayarwa: jarka nawa zai sha a watan Afrilu? Lalle da zogale sun daɗe suna yi mana shinge ba tare da wannan wahalar ba.

Ku faɗa mana tsiron da ya fi jure rani a gidanku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.