Kalmar "Beli" a Cikin Rubutun Labarai

Kalmar nan "beli" daga Ingilishi aka aro ta, tare da 'yan'uwanta irin su "kotu" da "lauya" da "sammaci". Da yake galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, sai aka ƙara mata "i" a ƙarshe. Jinsinta namiji ne, shi ya sa akan ce "belin wane".

A jarida, aikatau ne ke nuna matsayin kowa. Lauya shi ke neman beli, alƙali ya ba da shi, ko ya hana, ko ya soke. Ɗan'uwa kuwa shi ke yin belin wanda ake tuhuma, watau ya tsaya masa. Wannan ma'ana ta ƙarshe ita ce ta "lamuni", tsohuwar kalma da aka samo daga Larabci.

Inda wuyar take shi ne jimla irin wannan: "An ba da belinsa a kan naira 500,000." Mai karatu yakan ɗauka an biya kuɗin, magana ta ƙare. Alhali kuwa sau da yawa alkawari ne kurum: in wanda ake tuhuma ya gudu, sa'an nan kuɗin ya hau kan wanda ya tsaya masa. Shari'a tana nan, ba a wanke kowa ba.

Ruɗanin nan yana da illa, gama bisa doka beli a ofishin 'yan sandan Nijeriya kyauta ne. Amma wanda ya saba ganin kalmar tare da adadin kuɗi ba zai yi gardama ba in an ce ya biya. Saboda haka lalle ne malamai su koya wa ɗalibai bambancin "beli" da "tara" da "sallama".